Yadda Ake Haɗa Kyamarorin Tsaro a Gida a Riyad

Mai son sa kyamara a gidansa a Riyad, abu uku zai sa a gaba kafin ya tambayi farashi: zafi, ƙura da hakkin maƙwabci. A watannin Yuli da Agusta zafin birnin kan haura digiri 43, guguwar ƙura kuma ba baƙuwa ba ce. Kayan da ba a yi su don irin wannan yanayi ba, ba sa daɗewa.

Da farko a zagaya gidan a ƙirga wuraren da ke buƙatar ido. Yawancin gidajen Riyad suna da doguwar katanga, da ƙofar baƙi maza mai kaiwa majalisi, da ƙofar iyali, da ta mota. Kyamara huɗu zuwa shida kan wadatar. A kafa kowacce a tsayin mita 2.5 zuwa 3, inda hannu ba ya kaiwa amma fuska na fita sosai. Idan ta yi sama da yawa, hula da rawani kawai za a riƙa gani.

Na biyu, zaɓen kyamara. A shagunan unguwannin Olaya da Batha za a tarar da kyamarorin Hikvision da Dahua da makamantansu. A duba kwalin: a nemi alamar IP66 ko IP67, wadda ke nuna ƙura da ruwa ba sa shiga, kuma a tabbatar tana jure zafi har digiri 60. Mai megafiksel 4 ta isa gida. Ta bakin ƙofa ta kasance da WDR, wato tsarin daidaita haske, domin hasken rana mai ƙarfi kan mayar da fuskar mai shigowa baƙi ƙirin.

Na uku, waya, kuma nan ne aka fi yin asara. Tsarin haɗa kyamara da na'urar naɗa biyu ne. Tsohon tsarin DVR yana buƙatar wayar hoto da ta wuta daban-daban. Na NVR mai PoE kuwa, waya ɗaya ta Cat6 ce ke ɗaukar hoto da wuta tare, muddin tsawonta bai wuce mita 100 ba. A nace wa mai shago a kan waya ta tagulla zalla. Akwai mai araha da ake kira CCA, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, tana zafi kuma tana saurin karyewa. Duk wayar da za ta bi waje a zura ta cikin bututu, a nisanta ta da wayoyin wutar gida, a rufe mahaɗarta cikin akwati.

Na huɗu, na'urar naɗa da faifan ajiya. Kyamarar da ke naɗa megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 22 a rana. Guda huɗu a wata ɗaya sun kai terabait 2.6, don haka faifai mai terabait 4 ya wadatar. A sayi wanda aka yi don aiki dare da rana, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. A ajiye na'urar a ɗaki mai sanyi da ake kullewa, ba a soro ko garejin mota ba, a haɗa ta da batirin UPS. Wutar Saudiyya volt 230 ce, soket ɗinta mai ƙafa uku irin na Najeriya. Kafin a haɗa na'urar da intanet da wayar hannu, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita.

Na ƙarshe, doka. A 2022 Saudiyya ta kafa dokar amfani da kyamarorin tsaro, wadda ta hana yaɗa hotunan da aka naɗa ba tare da izinin hukuma ba. Dokar laifukan intanet ta 2007 kuma tana hukunta keta sirrin mutane da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000. Saboda haka kada kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci ko tagarsa. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida kafin ya huda bango. Idan kuma kyamara ta kama ɓarawo, a kai bidiyon wurin 'yan sanda, kada a watsa shi a WhatsApp.