Daga Madina Zuwa Makka a Jirgin Ƙasa: Ina Za Mu Ɗaura Harami?

Malam,

Allah ya hore mini zan kai mahaifiyata Umara bayan ƙaramar Salla. Za mu fara sauka a Madina, mu yi 'yan kwanaki, sannan mu wuce Makka. Kamfanin jirgin yawon da muka biya ya ce bas ce za ta kwashe mu. To Hajiya ta haura saba'in, tana fama da ciwon gwiwa, ko daga Funtuwa zuwa Kano muka je a mota sai ƙafafunta sun kumbura. Shi ya sa nake so mu bi jirgin ƙasan nan mai gudu. Amma ita ta ƙi. Ta ce lokacin da ta yi aikin Hajji motarsu ta tsaya a miƙati, suka yi salla suka ɗaura niyya, kuma ta ji an ce jirgi ba ya tsayawa a wurin, ba za ta yarda a ɓata mata Umara ba. Yayana kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda an riga an biya mota. Ni ban taɓa zuwa Saudiyya ba. Don Allah a ba ni shawara.

Ɗan'uwanku, daga Funtuwa

Ɗan'uwana,

Allah ya saka maka da alheri, ya sa Hajiya ta yi maka addu'a a gaban Ka'aba. Shawarata ita ce ku bi jirgin. Tsakanin Madina da Makka kilomita 450 ne a kan layin dogon Haramain, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Gudunsa yakan kai kilomita 300 a awa, tafiyar kuma ba ta cika wuce awa biyu da rabi ba, har da 'yar tsayawar da yakan yi a Jidda. Bas tana cin awa biyar zuwa shida, ban da jiran a gama loda kaya da neman waɗanda suka makara. Ga mai ciwon gwiwa da ɗawafi da sa'ayi ke jiran ta, wannan bambanci babba ne. A jirgi akwai ban-ɗaki, kuma tana iya miƙewa ta taka daga wannan kujera zuwa waccan ta saki ƙafa.

Sai dai Hajiya tana da gaskiya, kuma ina so ka fara da gaya mata haka. Jirgin ba ya tsayawa a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina da duk wanda ya taso daga can. Wanda ya wuce miƙati da nufin Umara bai yi harama ba, ya zo ya yi ta a gaba, yanka ya hau kansa. Saboda haka damuwarta ta addini ce, kada ka ɗauke ta a matsayin rigimar tsufa.

Mafita biyu ce. Mutane da yawa sukan yi wanka a masauki, namiji ya ɗaura haraminsa, su shiga jirgi, su yi niyya da talbiyya idan jirgin ya zo daidai da miƙati. Wannan ya inganta. Matsalarsa ita ce miƙatin yana bakin gari ne, ba a daɗe da tashi ba za a gifta shi, kuma jirgi mai irin wannan gudu ba ya ba mutum sararin tunani. Wanda ya zaɓi wannan hanya kada ya zauna jiran sanarwa, ya yi niyyarsa da jirgi ya fara motsi. A mazhabar Malikiyya an karhanta yin harama kafin miƙati, amma ta ƙullu, kuma hakan ya fi wuce shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta biyun ita na fi so ga Hajiya. Ku fito daga masauki da wuri, ku ɗauki tasi zuwa masallacin Zul-Hulaifa, ta yi nafilarta raka'a biyu, ta ɗaura niyya a wurin da ta sani, sannan direban ya kai ku tasha. Masallacin yana kudu maso yammacin Madina, tashar kuma tana gabas, don haka ka ware wa wannan zagayen aƙalla awa ɗaya da rabi, ku kuma yi ciniki da direban ya jira ku tun kafin ku shiga mota. Kuɗin tasin zai ƙaru, amma Hajiya za ta hau jirgi hankalinta kwance, tana talbiyya tun daga ƙofar tasha. Ka nemi malamin da ta yarda da shi a garinku ya yi mata wannan bayani da bakinsa kafin ku tashi, don ta fi jin maganarsa a kan wannan fiye da taka ko tawa.

Da kun yi harama, ka kula da ƙananan abubuwa. Sabulun ban-ɗaki da jiƙaƙƙen tishu sukan zo da ƙamshi, ku riƙe naku marar turare. Sanyin na'ura a cikin tarago yana da ƙarfi, kai kuma ƙyalle biyu ne a jikinka: kana iya yafa bargo a kafaɗa, amma ban da rufe kai. Ita Hajiya ta sa safar ƙafa da rigar sanyi abinta, fuska da tafin hannu ne kawai za ta bari a buɗe.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a tasha shi ne kaya. Ƙa'idar ita ce kowane fasinja akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, sai ƙaramar jakar hannu, kuma girman akwatin ma yana da iyaka. Mu kuwa ba ma barin Madina sai da kwalayen dabino, sallayoyi, carbi da jallabiyoyin jikoki. A nan ne bas ɗin da aka riga aka biya za ta yi muku amfani, kuma ita ce amsar da za ka ba Yaya: kujeru biyu ne kawai za su tafi babu kowa, manyan kaya su bi mota a hannun wani amintacce cikin ayarinku. Ka rubuta suna da lambar waya a jikin kowanne, ka sanar da jagoran kamfanin tun kuna gida cewa ku ta jirgi za ku bi, don kada a tsayar da mota ana neman ku. Fasfo, magungunan Hajiya da kuɗi su zauna a jakar hannunka.

Tikiti ana sayen sa ta intanet, a shafin jirgin ko manhajarsa, da suna da lambar da ke cikin fasfo, kuma kana iya zaɓar kujeru biyu a jere. Ka gwada katin bankinka tukuna ka ga yana biyan kuɗin waje. Kada ka saya sai ka san ranar da Hajiya ta samu izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, domin mata suna da lokutansu, kuma zai yi mata ciwo ƙwarai a ce jirgi ya raba ta da wannan ziyara. Da ranar ta tabbata ka saya nan take, kujeru suna ƙarewa a lokacin cunkoso.

Ka zaɓi jirgin hantsi, ban da ranar Juma'a. Ku isa tasha da kamar awa guda, saboda akwai binciken kaya kuma ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Tashoshin manya ne, akwai tafiyar ƙafa a ciki, don haka ku bi lifta, ka kuma tambayi ma'aikata keken tura marasa ƙarfi ko da Hajiya ta ce za ta iya.

A Makka jirgin yana tsayawa a unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami, sai kun sake hawa mota. Hanyoyin da ke kusa da masallaci akan tare su gab da lokacin salla, don haka ka riƙe sunan masaukinku a rubuce da Larabci, ka tambayi direba inda zai iya sauke ku mafi kusa. Idan kun isa, babu dole sai an yi ɗawafi nan take. Hajiya ta ci abinci, ta sha magani, ta ɗora ƙafafunta a kan matashi ta yi barci da haramarta, ku fita bayan isha'i lokacin da zafi ya sauka.