Yadda Ake Yi wa A-kori-kura Jar Lamba

Wanda ya sayi a-kori-kura a Gwashi don jigilar hatsi zuwa kasuwannin Gummi, Anka ko Nasarawar Burkullu, kada ya yi gaggawar ɗora lodi. Motar da ake biya ta yi dako, hukuma ba ta ɗaukar ta motar gida, kuma a jikin lamba ake ganewa: shuɗin rubutu na motar shiga ne, ja na haya, kore na gwamnati. Ba mu kaɗai ke wannan rabon ba. A Amurka, mai jan ɗakin kwanansa na tafi-da-gidanka zuwa yawon hutu ba ɗan kasuwa ba ne, amma mai jan irinsa don a biya shi, ya tsallaka jiha, nauyin ya haura kilo 4,500, to dokar motocin kasuwa ta hau kansa.

Tun wurin ciniki ake farawa. Ka karɓi takardar sayarwa mai sa hannun shaidu, da takardar kwastan, sannan ka durƙusa da kanka ka share ƙura, ka karanta lambar shasi da ta inji, ka gwada da abin da ke rubuce. Harafi ɗaya ya saɓa, ka sayi rigima da kuɗinka.

Sai a nufi Gusau, ofishin lasin na hukumar tara haraji ta jiha. Ka cike fom, ka faɗa musu ƙarara cewa ta haya ce, ka biya, ka riƙe rasit. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga lambar, jiha ke ba ka. Jami'an duba motoci kuma su gwada birki, fitilu, taya da sitiyari kafin su ba da takardar lafiyar mota. Inshora ce ta ƙarshe. Tun Janairun 2023 ta motar gida ta koma naira 15,000, ta dako ta fi haka. Duk shekara ake sabunta inshorar. Tikitin ƙungiyar direbobi a tasha daban ne, ba ya maye gurbin ko ɗaya.

Saura awo. A tashar awo, mota kan hau sikelin da aka shimfiɗa daidai da ƙasa, a hankali, ƙafafun gaba tukuna, sannan na baya, a haɗa jimilla. Ƙa'idar ECOWAS ba ta yarda gatari guda mai jan mota ya ɗauki fiye da tan 11.5 ba, direbobin tirela sun san zafinta: tara, da sauke abin da ya yi yawa.

A-kori-kura ba ta kusa da wannan adadi. Iyakarta tana rubuce a ɗan faranti jikin ƙofa ko gaban inji, kuma irin su Hilux kusan tan ɗaya ne, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari, har da nauyin direba da yaron mota. Mu kuwa sai a jera ninkin haka, a ɗora fasinja bisa, a ƙara ganyen sifirin wurin mai walda a ce an magance. Sifirin aka ƙara, birkin yana nan yadda kamfani ya yi shi. Jami'in da ke bakin hanya ba sai ya nemi sikeli ba: gindin motar ya zauna, hancinta ya kalli sama, tayar baya ta baje, sai ya ɗaga hannu.