Gishiri, Hawan Jini da Zuciyarka

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta harba jini zuwa ko'ina a jiki. Idan babba yana zaune, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ba ta hutun dare, ba ta hutun Sallah.

Babban abin da ke gajiyar da ita shi ne hawan jini, shi kuwa ba ya sallama. Mutum zai shekara da shekaru yana harkokinsa bai san yana da shi ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Sai ka ji ana cewa jifa ne.

To, mu leƙa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Na yini ne fa gaba ɗaya, ba na miyar dare kaɗai ba. Uwargida ta barbaɗa gishiri, ta marmasa dunƙule uku, alhali dunƙulen shi ma cike yake da gishiri. Maigida ya zo ya ƙara yaji, da dare kuma ya biya wajen mai tsire. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Ruwan ya yi yawa a jijiyoyi, zuciya ta shiga aikin wahala.

A rage kaɗan-kaɗan, harshe zai saba. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa sun isa su tayar da miya. Mai ma a sassauta masa, haka lemon kwalba. Sigari da shisha kuwa babu batun ragewa, bari ake yi.

Sai maganar mai jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya yana yawan kama mata bayan haihuwa, suka kuma yi zargin kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi suna ƙara shi. Kanwa dangin gishiri ce. Idan ƙafar mai jego ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mu 'yan unguwar Daurawa a Kano ba mu da uzuri, ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa, a kan titin Zariya.

Jiki kuma yana son motsi: minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Ba kowace fita ce sai da adaidaita sahu ba. In za ka kasuwar Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi da sanyin safiya, taka da ƙafarka, da ɗan sauri.

Yanzu ga karatun lamba. In aka auna jininka za a rubuta lamba biyu, misali 120/80. Ana karanta shi ɗari da ashirin bisa tamanin, kuma wannan lafiya lau ne. In awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama, sai ganin likita. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lambar da kwanan wata da hannunka. Wanda aka ɗora a kan magani, kada ya daina sha don ya ji sauƙi, sai likita ya ce.