Kada a zuba ƴan tsaki cikin manyan kaji rana ɗaya

Wata uwargida daga Tchirozérine ta aiko da tambaya: "Ina da kaji bakwai da zakara ɗaya. Maigida ya sayo mini ƴan tsaki goma daga Agadez, na zuba su a akurki, kafin la'asar manyan sun fasa wa biyu kai. Ina kuskuren yake?"

Hajiya, kajinki ba mugunta suka yi ba, ɗabi'arsu ce. Kaji suna da girma-girma a tsakaninsu, kowace ta san wadda take sara da wadda take kauce wa. Baƙo na shigowa sai a sake lissafi, kuma da baki ake yin sa. Tsakon da aka ƙyanƙyashe a gida uwarsa ce ke tare masa faɗa. Wanda ya zo a kwali kuwa maraya ne, ke ce uwarsa. Don haka sai ki bi abin daki-daki.

Da farko ki ware su nesa da manyan har wata guda, kowane ɓangare da kwanon cinsa da na shansa. Dalili biyu ne. Na ɗaya cuta: annobar Newcastle, wadda ta fi ɓarna da hunturu, tana iya share akurki cikin ƴan kwanaki, kuma sau da yawa sabuwar kaza ce ke shigo da ita. Ki nemi ma'aikacin kiwo ya yi wa manya da ƙanana riga-kafi. Na biyu sanyi: daren Disamba da Janairu a gindin duwatsun Abzin ba na tsako ba ne. A makon farko yana son zafin digiri 33 zuwa 35, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 duk mako har gashinsa ya cika, wajen mako shida. Tunda garinku ne gidan wutar SONICHAR, ki rataya musu ƙwan lantarki mai ɗumi, na zamani mara zafi ba zai yi ba. In kaskon gawayi ne, ki bar ƙofar iska, don hayaƙi na kashe su. Su da kansu za su gaya miki: in sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi ne, in sun watse gefe baki buɗe, zafi ya yi yawa.

Bayan nan sai sabo. Ki raba tsakar gida da ragar waya, su ga juna ba taɓawa, mako ɗaya ko biyu. Ki watsa gero gefe da gefen ragar, su saba ci kusa da juna. Ki rufe saman ɓangaren ƙananan saboda shirwa.

Haɗuwa kuwa sai sun kai mako goma zuwa sha biyu, sun tasam ma manyan a jiki. Ki sa su a akurki bayan magariba, lokacin da kaji suka lafa, duka tare, kada ki sa ɗaya-ɗaya. Da asuba ki tsaya a kansu. Ki ajiye kwanon ci da na ruwa biyu ko uku nesa da juna, domin babbar kaza tana iya tsare kwano ɗaya ta hana kowa sha, abin da a zafin Afrilu yakan zama ajali. Ki kife kwando, ki tokare bakinsa da dutse daidai yadda ƙarami zai shige, babba ba za ta iya ba. Abincin kaji masu ƙwai yana da sinadarin ɓawo da yawa, yana taɓa ƙodar ƙanana, don haka ki ba kowa abincin masu tasowa, ki daka ɓawon ƙwai ki ajiye wa manyan a gefe.

Ɗan sara da kora na kwana uku ko huɗu ba abin damuwa ba ne, ki bar su su daidaita. Amma jini na fitowa ki ɗauke mai raunin nan take, don kaza in ta ga ja ba ta dainawa. Biyun nan da aka fasa wa kai, ki wanke musu da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki ajiye su daban. Sai gashi ya rufe tabon sannan su koma cikin ƴan'uwansu.