Kasafin Wuta a Kumbunan Voyager

Hasken rana ba ya wadatar da kumbon da ya yi nisa ƙwarai, shi ya sa Voyager 1 da Voyager 2, waɗanda Amurka ta harba a 1977, suka dogara da janareta mai mayar da zafin sinadarin fulutoniyam-238 zuwa lantarki. Kowannensu ya tashi da kimanin wat 470, amma da yake sinadarin yana ƙarewa a hankali, sassan da ke juya zafin kuma suna tsufa, akan rasa kusan wat 4 duk shekara.

Injiniyan da ke kula da wuta yana aiki ne da abin da ake kira kasafin wuta, wato jadawalin da ke nuna abin da kowace na'ura take ci, da lokacin da za a kunna ta, da ɗan rarar da dole a bari. Mai kallo daga waje yakan tuna da kayan bincike kawai, alhali na'urorin ɗumama ne suka fi ɗaure wa masu lissafi kai, domin man da ƙananan injinan juya kumbo ke sha yana daskarewa a wajen digiri 2, kuma da zarar ya daskare a bututu, eriya ta daina fuskantar duniya ke nan.

Kunna abu, a irin wannan hali, yakan fi kashe shi haɗari. A watan Oktoba na 2024 aka aika wa Voyager 1 umarnin kunna hita guda, sai tsarin kariyarsa, wanda ke yanke wa na'urori wuta da kansa idan ya ga rara ta yi ƙasa, ya kashe babban rediyon ya koma kan wani mai rauni da rabon a yi amfani da shi tun 1981. A lokacin saƙo yana cin kusan awa 23 kafin ya isa, amsa ma haka, don haka sai da aka kusa kwana biyu kafin cibiyar JPL da ke Kalifoniya, mai kula da kumbon, ta gane cewa da matsala.

Wani lokaci kasadar kashe hita takan biya. A 2019 an kashe hitar wata na'urar aunawa a Voyager 2, sanyi ya kai ta digiri 59 ƙasa da sifili, ya zarce wanda aka gwada ta a kai, amma ta ci gaba da aiki. Kyamarori dai tun 1989 aka sallame su a Voyager 2, tun 1990 kuma a Voyager 1, a farkon 2025 kuma aka sake kashe na'urar bincike ɗaiɗaya a kowane kumbo domin sauran su samu abin ci.