Randy Weston: Makaɗin Fiyano Da Ya Nemi Harshen Afirka

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan ɗan rubutu zan kawo tarihin wani makaɗin jaz na Amurka, saboda wata shawara da ya yanke game da harshe, wadda nake ganin ta shafe mu.

An haifi Randy Weston a unguwar Brooklyn ta birnin New York a shekarar 1926. Mahaifinsa mabiyin aƙidar Marcus Garvey ne, ya kuma tarbiyyantar da shi a kan cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka. A fagen kiɗa kuwa ya ɗauki darasi wajen Thelonious Monk. Ni dai in na saurare shi yana dukan ɓangaren fiyano mai kaurin amo, ganga nake ji.

A 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, ya ɗauki faifan Uhuru Afrika. Melba Liston ce ta tsara kiɗan, Langston Hughes ya rubuta baitocin. To a nan ne matsalar ta taso: da wane harshe za a buɗe faifan? Finafinan Amurka na wancan zamani sun saba nuna Baƙar fatar Afirka yana gwalan-gwalan marar ma'ana. Weston ya so Amurkawa su ji cikakken harshen Afirka, mai tsari da daɗin ji. Bayan tuntuɓar 'yan Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka zaɓi Swahili, kuma Tuntemeke Sanga, ɗan Tanganyika, ya fassara waƙen buɗewar ya karanta shi. (Na so a ce Hausa aka zaɓa, amma ban ga laifinsu ba.) Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan.

Ya ziyarci Legas a 1961, ya kuma halarci bikin FESTAC a 1977. Amma Maroko ce ta riƙe shi. Daga 1967 ya zauna can na wasu shekaru, ya buɗe gidan kiɗa a birnin Tanja, ya shaƙu da makaɗan Ginawa, jikokin bayin da aka ƙetarar da su Sahara daga Afirka ta Yamma, waɗanda har gobe ake jin sunan Hausa da Bambara a cikin waƙoƙinsu.

Ya rasu a Brooklyn a 2018, yana da shekara 92.