Darasin Uwargida: Ɗan Riƙo da Kukan Dare

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga tambayar wata baiwar Allah a wajen ta'alim a Birnin Kebbi. Ƙanwarta ta rasu a Argungu, sai ta ɗauko ɗiyarta 'yar shekara 2. Ta ce: "Malama, da rana lafiya lau, amma dare na yi sai kuka, ta damƙe mini zane gam. Har maigida ya fara cewa a mayar da ita wurin dangin ubanta."

Me ke damun yarinyar?

'Yar'uwa, ba rigima ba ce, kewa ce. Tun kafin yaro ya cika shekara yake gane wadda ke rainonsa, ya shaƙu da ita. Wani likitan Ingila, John Bowlby, ya nuna illar raba ƙaramin yaro da mai rainonsa a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951. Mu ma ai mun san haka in an kai yaro yaye gidan kaka, sai dai shi zai koma wurin uwarsa. Wannan kuwa a rana ɗaya ta rasa muryar uwa da ƙamshinta da ɗakinta. Da rana wasa na ɗauke mata hankali, da dare sai tsoro: ko wannan ma za ta tafi?

Abin yi

1. Ta kwana kusa da ke cikin gidan sauro. Kada yau ɗakinki, gobe ɗakin abokiyar zama.

2. Kullum tsari ɗaya bayan isha'i: wanka, goyo, sannan ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafa mata.

3. Ki ajiye mata zane ko ɗankwalin uwarta ta rungume.

4. In ta farka ki amsa da sauri. Ban da duka, ban da tsorata ta da dodo, ko da ta yi fitsarin kwance.

5. Kada ki ba ta maganin mura don ta yi barci. In akwai zazzaɓi, a je asibiti a gwada jini.

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 na bukatar barcin awa 11 zuwa 14, har da na rana. Abin na iya ɗaukar makonni, ki zauna da maigida ki fahimtar da shi. Mayar da ita wani gida sabon rauni ne.

A ƙarshe, Suratul Ahzab aya ta 5 ta umarce mu da kiran ɗan riƙo da sunan mahaifinsa. Amma ƙauna ba a rage masa ita. Bukhari ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna da yatsunsa biyu. Ki tuna da wannan in ta tashe ki ƙarfe biyun dare.

Allah Ya ba mu ladan riƙo, amin.